Daidai Cin Jarrabawa

Ƙamus, tsofaffin takardun jarrabawa, gorar ruwa. Da su ta sauka a Makarfi daga motar Ikara, Asabar ta shida ke nan tana zuwa koya wa 'yar yayarta Faransanci.

Yayar ta tare ta a tsakar gida.

"Ki koya mata daidai cin jarrabawa, kar ta iya da yawa. Ke da kika iya, shekara goma sha ɗaya Dakar ta riƙe ki. Har Inna ta rasu ba kya nan."

"Na ji, Yaya."

A ɗaki ta tarar da yarinyar ta buɗe littafi tana jira. Ta rufe ƙofa.

"Matso nan. Duka zan koya miki."