Ragowar Maganin

Likitan na kwance bandejin, wari ya cika ɗakin.

"Ya Ustaz, wannan ƙafar sai an yanke ta."

Uban yarinyar ya dafa bango. "Ai ta warke, Daktur. Har guje-guje take yi a unguwarmu ta Jurf."

"Ba warkewa ba ce, ƙwayoyin cutar ne suka yi lamo. Kowacce na sakin wani sinadari, 'yan'uwanta na shinshinawa. Sai sun ji sahu ya cika, sannan su taso gaba ɗaya. Ta dai shanye maganin duka?"

Sai uban ya tuna. Ranar da ta fara takawa, don godiya ga Allah, ya tsaya a ƙofar Harami ya yi wa wani alhaji mai gyambo sadaka da ragowar.