Saura Gashi Ɗaya

Karo na uku ke nan zoben injin jirgin ya ƙi zama. Injiniya ya auna shi, ya girgiza kai. "Tsoho, saura kaurin gashi ɗaya. Kullum gashi ɗaya."

Jirgin yaƙin ya girmi mai tuƙa shi. Kamfanin da ya ƙera injinsa ya rufe tuntuni. A da, in wani abu ya lalace, sai a kwance na wani jirgin a ɗaura. Yanka suke ce wa wannan. An yi ta yanka har ba sauran abin yankawa, sai ƙasusuwan jirage a bayan rumfa. Shi ya sa aka ɗauko tsohon maƙeri daga ritaya, ya fitar da zoben da hannunsa. In zoben ya zauna, jirgi zai tashi zuwa bakin daga. In bai zauna ba, yana nan a ƙasa.

Tsohon shi kaɗai yake cin abinci, a kan benci kusa da injin yankan ƙarfe. Tun rasuwar matarsa ba mai jiransa a gida. Makanikai kan tsokane shi: "Kaka, tabarau za a sayo maka, ko sabon ido?" Sai ya murza kunnensa na hagu, ya haɗiye. Mutumin da a da ba a sake auna aikinsa.

Matuƙin jirgin ya fi kowa ƙosawa. Ba ya gaida tsohon, ya daɗe da dainawa. Ran nan ya zo ya tsaya a kansa, yana murza kunne don fushi.

"In hannunka ya mutu, ka faɗa. Abokaina suna can, ni ina nan ina gadin ƙarfe."

"Ƙarfe ba ya son gaggawa," in ji tsoho, bai ɗago ba.

Da la'asar aka sallami tsohon. Za a nemo zoben daga waje, ko da zai ci shekara. Ya tattara kayan aikinsa, ba wanda ya taka masa zuwa ƙofa.

A ɗaki ya zaro wani zobe daga aljihu, wanda ya gama tun ranar farko, ba ragi ba ƙari. Ya ajiye shi a gaban hoton matarsa.

"Kin ce kada in bar autanki ya hau tsohon jirgin nan. Ya ƙara tsanata, amma yana ƙasa."