Kibod Mai Kama da Gidan Dara

Ƙarar bugun takardu ta ɗauke a shagon maigidana, kuma ba za ta dawo ba. Ƙanina, na ji kana cewa sai ka samu sarari za ka gyara yadda kake aiki. Zauna in ba ka misali da abin da idona ya gani.

Maigidana sana'arsa buga wa mutane takardu a kwamfuta, a wani ɗan shago bakin tasha. Tun yana saurayi yake kan irin kibod ɗin nan mai faɗi, wanda layukansa suke a karkace. Da shekaru suka tura sai wuyan hannunsa ya fara ciwo, yatsun suka soma ƙagewa, har riƙon biro ya gagare shi. Wani abokinsa mai gyaran kwamfuta ya kawo masa ƙaramin kibod, bai fi tafin hannu biyu ba, madannansa a jere sak kamar gidan dara. Ya ce masa wannan ba ya murɗa hannu, amma haruffan ba a inda ya saba suke ba, dole sai ya zauna ya koya kamar ɗan firamare. Maigidana ya taɓa shi yini ɗaya, ya ga aikinsa ya koma tafiyar hawainiya, ya dawo da shi gida ya ɗora bisa kabad. In na yi magana sai ya yi dariya ya ce bari ɗalibai su gama kawo aikinsu. Ɗalibai kuwa ba sa ƙarewa.

Ranar da ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi, harshe ne ya fara tafiya. A asibiti yana kwance, ido a buɗe, baki a rufe, amma yatsunsa suna ta bugun bargo, ba hutawa. 'Yarmu Ramlatu ce ta gane. Ta ce, "Inna, ba karkarwa ba ce. Rubutu Baba yake yi." Tsohon kibod ɗinsa yana shago, makullin kuwa yana hannun abokin aikinsa, shi kuma ya tafi ƙauye jana'iza. Sai ta ruga gida ta ɗauko ƙaramin kibod ɗin nan, ta haɗa da kwamfutarta ta ɗora masa a ƙirji. Yatsunsa suka hau da sauri, kowanne ya nufi tsohon wurinsa. Haruffa suka cika gilashin kwamfutar, babu kalma ko ɗaya da mutum zai karanta. Ya duba, ya sake, ya duba. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Daga nan ya ture abin, ya jawo tafin hannuna, ya ci gaba da bugawa a kai, a hankali, abu ɗaya yana maimaitawa. Ni ko ban san kan kibod ba. Tsohon kibod ɗin nasa ya iso bayan la'asar, lokacin an riga an rufe masa fuska.

Masu wanka sun ce yatsun sun ƙi miƙewa, haka aka sa shi a likkafani. Har yau, da rana tsaka ina tsintar shinkafa, sai in ji bugun nan a tafina, daidai inda ya taɓa. Nakan ajiye faifan in jira ya gama. Ban san ko gafara yake nema ba, ko wasiyya ce, ko sunana kawai yake kira.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku taya ni roƙo: Allah Ya ji ƙansa, Ya karɓi abin da ya so faɗa, mu kuma kada Ya bar mu da magana a hannu ranar da baki ya ƙi. Amin.