Kashi Casa'in da Tara

"Zauna ka ga aikinka, Injiniya," in ji Kanar, ya kunna bidiyon.

Injiniya ya gyara zama yana murmushi. Shekara biyu ya kwashe yana ƙera na'urar nan, wadda ba ta fi kwalin ashana girma ba. Tana hango ɗumin jikin mutum ko a ƙungurmin daji, ta sanar da sojoji in yana ɗauke da bindiga. Yanzu ƙasashe uku na maƙwabta rububinta suke.

A allon sai ga siffar mutum fara fat, yana jan ƙafar hagu, da dogon abu a kafaɗa. Na'urar ta zagaye shi da ja. Wuta ta tashi, mutumin ya ɓace.

"Kashi casa'in da tara cikin ɗari!" Kanar ya buga tebur yana dariya. "Ba ta taɓa samun tabbaci irin wannan ba. Sai ka ce ta san ɗan banzan."

Injiniya ya san wannan tafiyar. Lokacin da yake koya wa na'urar aiki, an hana shi bindigar gwaji. Sai ya roƙi yayansa, makiyayin da ya sayar da rabin garkensa don shi ya yi karatu, ya saɓa sanda ya yi ta zagaya tsakar gida. Ya fi sau dubu. Yana ɗingishi da ƙafarsa ta hagu yana tsokanarsa: "Auta, yau ma ni ne ɗan bindigar?"

Kanar ya miƙo masa hannu.

"Guda ɗari biyar muke so. Kada ka canza mata komai."