Motar Marigayi da Ƙafar Tsohuwa

Tanimu, wata uku ke nan kana yawo da matarka Kubura daga kemis zuwa asibiti, kuma an ce mini ko'ina kuka je kai ne mai bayanin ciwon, ita tana zaune kamar baƙuwa. Ni ban yi boko ba, likitanci kuwa ban san ƙofarsa ba. Amma ga wani misali, ka karanta shi a zaune.

An yi wani mutum da ya gaji mota wajen mahaifinsa, tsohuwar mota mai jan fentin da rana ta cinye. Kowace Laraba yakan ɗauki mahaifiyarsa a ciki ya kai ta ganin likitan sukari. Tsohuwar idonta ya tafi, amma kujerar gaba tata ce tun zamanin maigidanta, har katifar kujerar ta ɗauki siffar zamanta. Sai motar ta ɓullo da wani hali. A murza makulli ta tashi lafiya lau, tana kuka sumul. Da ya taka kuloci ya sa giya, sai ta yi shiru kamar an hura fitila. Kuma ba kullum ba. Ta yi kwana huɗu tana tafiya kamar ta Allah, rana ta biyar ta mutu a tsakiyar mararraba, masu babur suna zaginsa, tsohuwa tana zufa a ciki.

Ya kai ta gareji. Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka canza. Na biyu ya wanke kafireto, ya ce mai ne ya yi datti. Na uku ya ɗora laifin kan famfon mai. Kowannensu ya buɗe bonet, ya ba ta wuta tana tsaye, ya karkata kunne ya ce ai ga ta nan garau. Ita kuwa motar a gaban bakanike ba ta taɓa yin gardama ba, kamar jaririn da zazzaɓinsa ke sauka da an iso ƙofar asibiti. Sau biyu a hanya tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, ɗan ya ce, "Inna, bar wannan, aikin masu ƙarfe ne." Ba don raini ya faɗa ba, a ganinsa hutar da ita yake yi. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Da suka rasa layin likita Laraba biyu a jere, sai ya yanke shawara ranar Asabar zai miƙa motar ga 'yan gwangwan su farfasa. Tsohuwa ta ji. Da la'asar dai ya tarar da ita a tsakar gida ta lalubo motar, tana shafa murfin ƙofar da maigidanta ya yi shekara ashirin yana buɗe mata. Wannan ne ya sa ya ce bari ya ƙara gwada mutum ɗaya.

Wani dattijon bakanike ne da yatsunsa suka kanannaɗe don aiki. Bai taɓa bonet ba. Ya tambaya wa ya fi kowa zama a motar nan. Da aka gaya masa, ya zagayo ya tsuguna wajen tagar gaba, don da tsohuwar aka zo, ya gaida ta har ƙasa, ya ce, "Hajiya, ke me kike ji?"

Ta ce, "Ni dai kafin ta mutu nakan ji abu ya bugo tafin ƙafata sau ɗaya, kamar yadda ɗa ke naushi a ciki. Ran da bai buga ba, ba ta mutuwa. Kuma ya fi bugawa ranar da yaron nan yake sauri."

Sai a nan dattijon ya buɗe bonet, ya sa ɗan ya ja burkin hannu, ya sa giya, ya saki kuloci da gaggawa irin ta mai makara, shi kuma yana leƙen inji. Sai ga inji ya zabura ya karkata gefe guda, mota ta mutu. Ashe robar da inji ke zaune a kai ce ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. In an saki kuloci a hankali, inji ya zauna lafiya. In an fizga, ya yi tsalle ya bugi jikin mota daidai ƙarƙashin ƙafar tsohuwa, ya ja wata waya da ta riga ta kusa tsinkewa, wuta ta ɗauke. Roba ɗaya da ɗaurin waya, kafin azahar an gama.

Suka kama hanyar gida. Ɗan ya riƙa sakin kuloci a hankali kamar mai sauke tulu. Can tsohuwa ta lalubo hannunsa a kan giya ta dafa, ta ce haka babansa yake tuƙi. Laraba ta zagayo, su ne na uku a layi.

To, Tanimu, na san son matarka ne ya sa kake wannan zirga-zirga, ban ce ba ka ƙoƙari ba. Amma ƙoƙarinka ya cika surutu. Jikin nan nata ne, ita ke kwana a cikinsa ta tashi a cikinsa. Yau in ka koma, ajiye ledar magungunan, ka zauna kusa da Kubura ka tambaye ta ina ne yake bugawa, kuma yaushe. In ta fara magana kada ka ƙarasa mata. Gobe a gaban likita ka kame bakinka ka riƙe mata jaka.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.