Jiniyar Motar Dikko

Dikko manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Augie da Argungu, tun zamanin da yankin ke cikin Jihar Sakkwato. Yana da tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda yake ji da ita kamar ransa. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kai mai naƙuda da mara lafiya asibitin Argungu.

Wata shekara satar motoci ta yi yawa a Birnin Kebbi, Dikko ya kasa sukuni. Ya tafi Birnin wurin Sama'ila mai gyaran wayar mota, ya ce a saka masa jiniyar nan mai kuka idan ɓarawo ya taɓa mota.

Sama'ila ya buɗe gaban motar ya duba, ya ce, "Malam Dikko, motag ga ta tsuhwa, wayoyinta sun gaji. Sai a sauya su tukuna, a samo jiniya ta ƙwarai wadda ba ta shan batir. In ba haka ba, wata rana tana ba ka kunya."

Dikko ya ga abin zai yi tsada. Ya fito yana gunaguni, ya nufi tasha. Can ya tarar da mai talla da wata jiniya ja mai walƙiya, ga arha, ga kuka kala-kala har ana toshe kunne. Bai tambayi inda aka ƙera ta ba, ƙarar kawai ta tafi da shi. Yari mai gyaran rediyo ne ya ɗaura masa ita. Ya feƙe wayoyi da haƙori, ya murɗa su kan batir, ya naɗe da leda.

Dikko ya shiga ƙauye yana hura hanci. Akuya ta goga jikinta da motar, jiniya ta tashi. Kaza ta hau, jiniya ta tashi. Mutane suka sha dariya, shi kuwa gogan naka sai murmushi.

Ba a jima ba motar ta soma ƙin tashi da safe, domin jiniyar tana tsotse batirin ko mota na tsaye. Dikko bai damu ba, tun da ga samari a gari. Kullum sai su tura, ta yi tari ta kama.

Matarsa Riskuwa ta ce, "Baban Laure, ranad da babu masu turi hwa?"

"Ke dai ba ki rasa magana! Ina maza za su tahi?"

Maza kuwa suka tafi. Ranar bikin kamun kifi na Argungu, tun da hantsi ƙauyen ya zama na mata da tsofaffi, duk wani mai ƙarfi ya ɗauki homa da gora ya nufi gulbi. Dikko ya ƙi kai motarsa cikin taron, wai ɓarayi sun fi yawa a ranar, kuma ganguna za su danne kukan jiniya. Ya zauna gona yana kwashe albasa da Riskuwa da 'yarsu Laure. Motar ta yi kwanaki a tsaye cikin yashi bakin gonar.

Laure yarinya ce mai kazar-kazar, ita kaɗai Allah ya bar musu. Ta sa hannu ƙarƙashin busasshen ganyen da aka rufe albasa da shi, sai ta ƙwala ihu.

"Baba! Macijiya ta sare ni!"

Dikko ya ga baƙin kumurci yana sulalewa. Ya yage rawaninsa ya ɗaure mata hannu, ya sa ta gaban mota, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba.

"Riskuwa, tura!"

Riskuwa ta kafa kafaɗa. Wata tsohuwa daga gonar maƙwabta ta zo ta kama. Tayoyi suka ƙara nutsewa cikin yashi. Da suka jijjiga motar, sai jiniyar ta yi wani ɗan kuka siriri, ta mutu. Wannan kukan bai bar kunnen Dikko ba har ya tsufa.

Ya goya Laure ya kama hanya da gudu, Riskuwa na biye tana salati. Babu mota a kan titi, duk suna Argungu. Da ƙyar suka sami mai amalanken jaki ya ɗauke su. Tun Laure tana cewa, "Baba, mun kusa?" har idanunta suka soma rufewa, harshenta ya yi nauyi.

Sun shiga Argungu ana ta kiɗa da guɗa, an kama babban giwan ruwa. A asibiti, likita ya taɓa wuyan yarinyar. Sannan ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Maganin yana nan, jira dai ba ta iya yi ba."

Dikko ya durƙushe a wurin ya yi kuka irin wanda ba a saba ganin namiji yana yi ba. Riskuwa ba ta tuna masa maganarta ba, ko a ranar, ko bayanta. Shirun nan nata ya fi masa zafi.

Bayan an share makoki ya koma gona. Motar tana nan inda ya bar ta, ba wanda ya sace ta. Takalmin Laure guda ɗaya yana kan kujera. Ya fizge jiniyar ya jefa cikin fadama, ya kifa kansa a kan sitiyari.

Jama'a, rai na Allah ne, amma sakaci namu ne. In za ka saka wa tsohuwar mota jiniya, nemi mai inganci, ka kai wa wanda ya san aikin waya, kar arha ko ƙara su ruɗe ka. Kuma duk motar da sai an tura ta kullum, gyara ta tun kafin ranar da za ka rasa masu turi.