Yarinyar da Aji Ya Ƙi Kiran Sunanta

Sau biyu ke nan suna tsallake ta.

Ranar na fara koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Makoɗa. Na tsayar da 'yan aji uku a da'ira, na ce kowa ya faɗi sunan na kusa da shi. Sunan yanka nake so, ban da laƙabi.

Amma da an zo kan wata yarinya mai farin hijabi, sai aji ya yi tsit. Na damanta ya sunkuyar da kai, na hagunta ya ci gaba, kamar babu kowa a tsakaninsu.

Sai na tuna hirar ɗan acaɓan da ya kawo ni, cewa bara da damina kududdufi ya ci wata 'yar makarantar nan. Ko fatalwarta ce? Na kama Ayatul Kursiyyu a zuci, ina sarƙewa.

"Ikrima," na ce da na damanta, "kana ganin wata a gefenka?"

"Ina ganinta, Malama."

"To me ya hana ka faɗin sunanta?"

"Sunan kakarmu ne da ita. Duk ajin nan kakar ce ta yanke mana cibiya. Inna muke ce wa yarinyar, ke kuma kin hana laƙabi."

Tsorona ya koma haushi. "Nan makaranta ce! Zo ki faɗa mini, ni zan kira shi kowa ya ji."

Ta matso, ta raɗa mini a kunne. Sunan mahaifiyata ne.

Yara suka zuba mini ido, suna jira.

"Koma wurinki, Inna," na ce.